Rigar Bazara: Tsakanin Gonar Auduga, Amyar Zuma da Shagon Tela

Da zarar hunturu ya tattara ƙurarsa a ƙarshen Fabrairu, Gusau kan shiga halin da kowane mazauninta ya sani. Tun da hantsi kwanon rufi ya ɗauki zafi, da azahar ma'auni ya haura digiri 40, da dare kuma a fito da tabarmi tsakar gida. A irin wannan lokaci ne mutum ke gane abin da ya sayo a kasuwa. Yadin da ya yi ƙyalli a hannun mai shago, ya kuma yi araha, sai ya manne a gadon baya kamar leda, gumi ya rasa hanyar fita, ƙurajen zafi su feso wa yara a wuya. Wanda ya dace da auduga tsantsa kuwa, ko rigar ta koɗe, iska na ratsa ta.

A shekarun nan azumi da ƙaramar Sallah ma cikin bazara suka faɗo: a 2024 an yi Sallah cikin Afrilu, a 2025 kuma a ƙarshen Maris. Ke nan lokacin da aka fi sayen yadi da kai ɗinki ya zo daidai da lokacin da jiki ya fi bukatar tufa mai sanyi. Mai saye na tambayar kuɗi, yana tambayar ko yana zuba, yana tambayar ko na Dubai ne ko na Sin. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wa ya wahala kafin rigar ta hau jiki, kuma me ya mutu a hanya.

A Turai da Amurka wannan tambaya ta zama babbar magana, har kamfanoni na liƙa takarda a wuyan riga suna rantsuwa cewa ba a cuci kowa wajen yin ta ba. Wasu na ganin abin a matsayin yayin masu kuɗi. Ba haka ba ne ga wanda ya tashi yana jin cewa haƙƙin wani ba ya barin mutum barci, kuma a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Bambancin kawai shi ne, Bature sai ya tsallaka teku kafin ya ga gonar da aka noma audugar rigarsa. Mutumin Sabon Garin Gusau kuwa, gona tana Tsafe ko Bungudu, tela yana bayan layinsu.

Sabon Garin kansa auduga da gyaɗa ne suka kafa shi. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, kuma shi ya jawo kamfanonin Turawa, da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, da leburori daga ko'ina. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, BCGA, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ta gina gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Manomi ya kawo kaya a jaki, a auna, a gurje, a ɗaure, jirgi ya kwashe zuwa Legas, masaƙun Ingila su saƙa, a dawo da shi a sayar wa jikan mai gonar. Kafin nan mata na kaɗi da mazari a ɗaka, masaƙa na saƙa fari da saƙi da gwado, marina na turawa a baba. Bayan an buɗe masaƙar Kaduna ta KTL a 1957, ita ma Gusau ta samu tata a shekarun 1960, wato Zamfara Textile, wadda ta riƙe gidaje da yawa a garin har ta durƙushe a farkon shekarun 2000.

Ba ita kaɗai ta faɗi ba. Alƙaluman da masu masaƙu da ƙungiyar ma'aikatansu ke bayarwa sun nuna Nijeriya ta taɓa mallakar masaƙu fiye da 170 a shekarun 1980, yau kuwa masu aiki ba su kai 30 ba. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar da Benin, da kwararowar kayan Sin bayan an cire ƙa'idar kason tufafi ta duniya a farkon 2005, duk sun taru sun yi musu rubdugu. Abin da ya maye gurbinsu shi ne abin da ake gani a Kantin Kwari da kasuwannin Gusau: atamfa da yadi da leshi waɗanda akasarinsu zaren roba ne ko gauraye, da dilolin gwanjo. A duniya ma haka abin yake, domin zaren roba da ake samu daga man fetur ya haura rabin duk zaren da ake sarrafawa, auduga kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ce.

Don haka duk wanda ya ce a koma ga auduga ya faɗi gaskiya. Ita ce ta dace da zafinmu, ita ce ke ruɓewa a ƙasa idan ta tsufa maimakon ta toshe magudanar ruwa, ita ce kuma za ta sa kuɗin riga ya tsaya a aljihun manomin Zamfara. Sai dai akwai rabin maganar da 'yan siyasa ba sa faɗa idan suna alkawarin farfaɗo da masaƙu. Auduga shuka ce mai shan magani. Ba ta kai kashi 3 cikin ɗari na gonakin duniya ba, amma ƙiyasi ya nuna tana cin kusan kashi 10 na maganin ƙwarin da ake sayarwa.

Yadda ake feshin ya isa a tsaya a duba shi da kyau. Ana shuka a Yuni ko Yuli, fure ya fara fita wajen Agusta zuwa Satumba, kuma a daidai nan tsutsa ke shiga ƙwallo. Mai gona kan ɗauki saurayi ɗan feshi, a biya shi bisa yawan goyon da ya zazzage. Yaron zai zo da silifa da gajeren wando, ya auna magani da murfin kwalba, wani lokaci ya haɗa iri biyu ko uku don ya “fi ƙarfi”, ya motsa da kara. Injin goyon na yoyo a bayansa, rigar ta jiƙe sharkaf. Idan bakin injin ya toshe, ya sa baki ya hura. Idan jiri ya ɗebe shi, a ba shi nono ko madara a ce ta kashe dafin, alhali ba ta kashe komai. Kwalbar da ta ƙare kuma a ɗauraye ta a rafi, a kai gida a zuba man gyaɗa ko gishiri. Rubutun gargaɗin da ke jikinta da Turanci ne ko Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, ga mutumin da ajami ya iya karantawa.

Wannan yaro shi ne ma'aikacin tufafi na farko, ko da yake ba wanda ke lissafa shi cikinsu. Maƙwabtanmu sun ga inda hakan ke kaiwa: a daminar 1999 zuwa 2000, a yankin Borgu na Jamhuriyar Benin, an ƙidaya mutane aƙalla 37 da maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe, wasu a gona, wasu ta hanyar abincin da ya taɓa. Sai a 2011 aka sa shi cikin jerin magungunan da duniya ta amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Zamfara kuwa ba ta bukatar a yi mata bayanin gubar da ba a gani da ido. A 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, iyaye na ganin zazzaɓi ne ko iska.

Sai kuma ƙudan zuma, wanda ba shi da bakin kai ƙara. Furen auduga da safe yake buɗewa, fari mai ɗan rawaya, kafin washegari ya koma ja ya yanƙwane. 'Yan sa'o'in nan na safe su ne lokacin da ƙudan ke shiga ya sha ruwan fure, garin furen ya manne masa a jiki, ya kai wa na gaba. Kuma su ne sa'o'in da ɗan feshi ya fi so, don rana ba ta yi zafi ba. Ƙudan da maganin ya sauka a kansa a nan take yake mutuwa. Wanda ya tsira ya koma gida da gurɓataccen abinci ya ciyar da 'ya'ya. Mai amya da ya zo dubawa zai tarar da su zube a ƙasa ƙarƙashin itace, wasu na karkarwa suna juyi a wuri ɗaya, bakin amyar da ya saba cika da zirga-zirga ya yi tsit. Ƙudan kan yi tafiyar kilomita 2 zuwa 3 neman abinci, don haka ba sai gonarka ce aka fesa ba kafin amyarka ta mutu.

Akwai kuma nau'in maganin da ba ya kashewa nan take. Irin su imidacloprid da thiamethoxam, waɗanda ake fesawa ko a cuɗa iri da su kafin shuka, shiga suke cikin jikin tsiron har su fito a ruwan fure. Ƙudan ya sha kaɗan, ya rikice, ya kasa gane hanyar gida. Tarayyar Turai ta hana amfani da guda uku daga cikinsu a fili a 2018 saboda wannan dalili. A shagunan kayan gona na Arewa kuwa ana sayar da su ba tare da wata tambaya ba.

Abin takaicin shi ne manomin da kansa yake yi wa asara. Wani bincike da aka yi a kudu maso yammacin Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya rufe wasu furanni don hana ƙwari isa gare su, ya bar wasu a buɗe. Inda aka hana ƙudan zuwa, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin ɗari, na riɗi kuma da kashi 59. Ba ƙudan amya kaɗai ke wannan aiki ba, har da ƙananan ƙudajen daji masu gida a ƙasa, waɗanda manomi ba ya ko kallo. Ƙasar Burkina da ta Zamfara kusan yanayi guda ne, shuke-shuken ma iri ɗaya. Duk mai noman riɗi, kankana, kabewa, kuɓewa ko mai lambun mangwaro a Bungudu yana cin moriyar wannan lebura da ba ya karɓar lada. Haka ɗorawa da kaɗanya, waɗanda mata ke samun kalwa da man kaɗe daga gare su. Rahoton masana na duniya na 2016 ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gona da ake ci suna dogara da irin wannan barbara, ko da kaɗan ne.

Adalci ne a ce ba feshi kaɗai ke korar ƙudan ba. Masu gawayi sun cinye itatuwan da ake rataya amya. Tsohuwar hanyar ɗibar zuma da dare, da wutar kara, tana ƙone ƙudan da 'ya'yansa don a sha na rana ɗaya. Feshin jirgin sama da ake yi wa tsuntsayen jan-baki a jihohin Zamfara da Sakkwato da Kebbi yana ceton gero da shinkafa, amma maganin ba ya bambance tsuntsu da ƙwaro. Sama da duka, rashin tsaro ya raba mutane da dazuzzukansu. Manomin Tsafe da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, wanda yake aiki kunnensa na sauraren ƙarar babur, da wuya ya jira yamma kafin ya yi feshi. Malamin gonar da zai koya masa ma ya daina zuwa ƙauyen. Wanda ya zauna a Abuja yana ba da shawarar a yi feshi da magariba, ya kamata ya san abin da magariba ke nufi a hanyar Tsafe zuwa Gusau.

Duk da haka akwai abin da za a iya. Kada a fesa gona tana tsakiyar fure in ba dole ba, in kuma dole ne a bari sai la'asar sakaliya, lokacin da ƙudan ya ragu. A duba gona a ga tsutsar da ido kafin a sayi magani, maimakon a bi kalanda duk mako biyu. A gaya wa mai amya kwana ɗaya kafin feshi. Ruwan 'ya'yan dalbejiya da aka daka aka jiƙa yana rage ƙwari da yawa, itacen kuma ga shi a kowane titi na Gusau. A Benin wata ƙungiya mai suna OBEPAB tun 1996 take aiki da manoman da ke noman auduga ba tare da maganin kanti ba. Amfanin da suke samu a kadada bai kai na masu feshi ba, amma ba su da bashin magani, kuma ana sayen tasu da daraja.

Wasu na ganin mafita tana ga audugar Bt, wadda aka sauya wa halitta don ta kashe tsutsa da kanta, wadda Nijeriya ta amince a noma a 2018 bayan gwaji da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Gaskiya tana rage feshin tsutsa. Amma ba ta hana ƙwarin da ke tsotsar ganye, irin waɗanda suka yi wa audugar Mali da Kodebuwa da Burkina ɓarna a 2022. Burkina Faso ma, da ta riga mu karɓar ta, ta ajiye ta a 2016 saboda zaren ya gajarce, farashinsa ya faɗi. Irin kuma sai an saya kowace shekara. Taimako ce, ba ta ɗauke wa kowa nauyin koyon feshi ba.

Hukumar NAFDAC ta yi wasu yunƙuri. A 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben dichlorvos, wanda aka fi sani da Sniper ko fiya-fiya, a kasuwanni da kantuna. Wannan maganin ne ya sa Turai ta rufe ƙofa ga waken Nijeriya a 2015. Daga baya hukumar ta sanar da janye paraquat da chlorpyrifos da atrazine tsakanin 2024 da 2025. Doka a takarda ke nan. Wanda ya zaga kasuwar ƙauye ranar cinta, ya ga kwalabe shanye a rana kusa da mai ƙosai, zai san sauran aiki na da yawa.

Daga gona sai shago. Duniya ta farka kan lafiyar masu ɗinki ne ranar 24 ga Afrilu, 2013, da benen Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ta Bangaladash ya kashe mutum 1,134, galibinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai kaya. An ga tsagewar bango tun ana gobe, aka tilasta musu shiga. Watanni biyar kafin nan gobarar masana'antar Tazreen ta ci rai fiye da 110, a Karachi ta Pakistan kuma fiye da 250 suka mutu a Satumba 2012 a bayan tagogi masu ƙarfe da ƙofofi a kulle. Bayan Rana Plaza kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar da ta tilasta binciken gini da wayoyin wuta, kuma mace-macen sun ragu ƙwarai. Abin da ya yi aiki shi ne mai bincike da ke da ikon rufe wuri.

Gusau ba ta da bene mai hawa takwas cike da kekuna irin Rana Plaza, amma a leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi. Ɗaki ne da bai fi taku huɗu ba, kekuna biyar ko shida, yara masu koyo a ƙasa suna sa maɓalli. Ƙyallaye sun taru har gwiwa, ledojin kayan mutane rataye a bango. Waya ɗaya ce aka ja daga janareta, aka rarraba ta da hannu, aka naɗe da leda. Janaretan kansa an jawo shi bakin ƙofa don tsoron ɓarayi, hayaƙinsa na komawa ciki, galan ɗin fetur na gefe, dutsen guga na gawayi na huci kusa da shi. Ƙarfe biyun dare an ja ƙofar ƙarfe an sa sakata saboda halin da gari ke ciki, taga kuma da ma an yi mata ƙarafa. Hayaƙin janareta ba ya bukatar gobara kafin ya kashe mutum: barci yake sa shi, ba ya tashi. Ga ciwon baya, ga ido da ke dushewa tun mutum bai kai arba'in ba, ga allurar keken surfani da ke huda yatsa idan gyangyaɗi ya zo, ga wasu samarin da ke haɗiyar ƙwaya don su kai asuba.

Mai kaya ma yana da hannu a ciki. Wanda ya kawo shadda saura kwana biyar Sallah, ya ce ko ta halin ƙaƙa, ya kuma tsaya yana ja-in-ja kan kuɗin ɗinki, shi ne ya sa aka kulle ƙofar nan da dare. An daɗe ana yi wa tela dariya kan saɓa alkawari, ba a cika tambayar awa nawa yaron shagonsa ya yi barci ba, ko nawa aka ba shi.

Dokoki suna nan. Akwai dokar masana'antu ta 1987, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun NSITF. Akwai ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya zama sakatarenta a 1982, wadda kuma da masaƙu suka mutu ta juya tana jawo teloli masu zaman kansu. Amma an tsara dokokin ne da babbar masana'anta a zuciya, mai albashi da rajista. Yaron da mahaifinsa ya damƙa wa maigida don ya koyi sana'a ba ya cikin kowane littafi. Haka matan da ke ɗinkin hula da aikin hannu a cikin gida, waɗanda dillali ke biya abin da ya ga dama. Su ma masu aiki a gidajen gurza da suka rage, ƙurar auduga na cika musu ƙirji shekara da shekaru, abin rufe hanci kuwa bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Idan gwamnatin Zamfara da gaske take kan dawo da auduga, to kowane buhun iri da za ta raba ya zo da malamin gona da zai nuna lokacin feshi da adadinsa, da gargaɗi cikin Hausar boko da ajami, da safar hannu da takalmi ga ɗan feshi. Sarakunan Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi na da bakin da za su sa masu unguwanni su haɗa manoma da masu amya kafin auduga ta yi fure, limamai kuma na da sura guda a Alƙur'ani mai sunan ƙudan zuma da za su yi huɗuba a kai. Ƙungiyoyin teloli na iya zagaya shagunan 'ya'yansu tun watan Sha'aban: a fitar da janareta nesa da ƙofa, a kira mai gyaran wuta na gaske, a ajiye bokitin yashi, a bar mabuɗi a jikin ƙofa matuƙar akwai mutum a ciki. Mai sayen kaya kuma ya nemi auduga, ya ɗinka biyu masu kyau maimakon biyar na roba, ya kai wa tela tun da sauran wata guda, ya biya shi cikakken kuɗinsa ranar da ya karɓa.